Kwanar Rijiyar Malam Bawa

Wake Baba ya kai kasuwar Isa, Inna kuma ta saki tunkiyarta mai ciki, da haka anka haɗa mani kuɗin mota da na abinci har in samu gindin zama a Abuja. Inna ta ɗinke su cikin wani ƙyalle, ta ce in ɗaura a ƙugu ƙarƙashin wando. Ku yi dariyarku. Kai Nasiru da kake cewa jibi za ka Kaduna da katin banki a aljihu, ba ka san yadda ƙullin kuɗi ke cin fatar ciki ba, tun daga Isa har Sakkwato cikin bas, ga gwiwar wani a bayanka, ga kajin wata a ƙafarka, kai kuma ba ka da damar sosawa don kar a gane inda ka ɓoye.

A lokacin ina da difloma ta aikin gine-gine da hanyoyi, na yi damina biyu ina noman gero ita kuwa tana ƙarƙashin katifa. Wani malaminmu na makaranta ne ya yi mani hanya wurin wani kamfani mai zana hanyoyi. Ba za ni faɗi sunan kamfanin ba. Ba su yi mani komi ba sai alheri, kuma abin da za ni gaya maku ba laifinsu ba ne.

Haruna ne ya raka ni tasha, ɗan Malam Bawa. Kun san Haruna, mai faci a bakin kasuwa. To a lokacin ba faci yake yi ba, ko bututun taya bai taɓa riƙewa ba. Tare anka yi mana kaciya ni da shi, tare munka sha bulala a makarantar allo. Gidanmu da nasu hanyar jakai ce kawai ta raba, wadda ta fito daga wajen Tozai ta shiga gari. Mu muna arewa da ita, ga gida, ga rumbuna, ga gonar bayan gida. Su suna kudu, ga lambun Malam Bawa da rijiyarsa a tsakiya. Ku yara ba ku tarar da rijiyar nan ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da mata ke kwankwatsar guga a ƙasan sauran rijiyoyi, ita gaba uku kake saki ka ji ruwa. Albasa, tattasai, tumatur, lalo, rogo a gefe, duk da ita ake yi. Shi ya sa Haruna bai taɓa zuwa ci-rani ba. Sa'ad da samarin gari ke ɗaure buhu suna kama hanyar kudu, shi lokacin aikinsa ke farawa. Ranar nan a tasha har tsokanata ya yi, wai in na gaji da cin burodi in dawo ya ba ni aikin ban ruwa.

A Mararraba na samu ɗaki, don cikin Abuja ba wurin kwanan irinmu ba ne. Mai gidan tsohon soja ne, kowa Landilod yake ce mashi, har na yi wata guda ina tsammanin sunan yanka ne. Rigimarmu ta fari a kan ruwan alwala anka yi. Ni na saba in tsuguna a ƙofar ɗaki in yi abina ƙasa ta shanye, ashe a can siminti ne, ruwan sai ya gangara ya tsaya a ƙofarsa.

"Malam, sau nawa kake wanka a rana?"

Na ce ba wanka ba ne, alwala ce.

"To ka yi ta cikin bokiti."

Na ce sannan in kai ruwan ina?

"Ka aika wa mutanenku, an ce ba ku da ruwa a can."

Haka munka zauna da shi shekara da shekaru. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya da linzami.

Ofis kuwa sanyi ne kamar cikin randa. A watan da mutane ke suma don zafi na sayi rigar sanyi. Shugabar sashenmu wata injiniya ce Bayarabiya, 'yar gajeruwa, da tabarau rataye a wuya. Madam muke ce mata. Daga bakin ƙofa take hango kuskure a kwamfutar mutum. Rana ta biyu da fara aikina ta tsaya a kaina ta tambaye ni rediyos ɗina. Mu a makaranta malaminmu radiyus yake cewa, ita kuwa da ta faɗa sai na ji rediyo. Na miƙe da ladabi na ce ban zo da ita ba, na baro wa ƙanena a gida. Har na bar kamfanin nan Malam Rediyo ake kirana.

Bari in gaya maku mi ake nufi da shi, don labarin duk a kansa yake. In hanya biyu sunka haɗu, ba a barin kusurwar da tsini kamar kusurwar ɗaki, don mota ba ta juyawa haka. Sai an lanƙwasa ta. Su a can janshin suke ce wa mahaɗar, lanƙwasar kuma kab ritan, ni dai da na fara ji kabewa ce ta zo mani a rai. Kun ga in anka ɗaure akuya a turke, ta ci ciyawa ta zagaye? Tsawon igiyar nan shi ne radiyus. Igiya doguwa, kwana mai faɗi, tirela ta juya a natse, amma ta ci fili da yawa. Igiya gajeruwa, kwana matsattsiya, fili ya tsira, amma babbar mota sai ta hau gefe. Aikina ke nan, in zauna gaban manhajar zanen hanya in yi ta gyara tsawon igiya. Lamba ɗaya za ka canza, na'ura ta sake zana komi da kanta, bakin kwalta, kwata, gangara, har iyakar inda za a share. Akwai ma wata tirelar ƙarya a ciki da kake turawa ta bi kwanar, ka ga ko za ta wuce lafiya.

Wata rana na matse wata kwana don zanen ya yi kyau a ido. Madam ta zo ta tura tirelar, tayoyin baya sunka hau inda mutane ke tafiya a ƙasa.

"Lawal, ka kashe mutum uku a nan."

Na ce Madam, ai zane ne.

"Yau zane ne. Baɗi kwalta ce."

Ta sa na sake shi tun daga farko, ga dedilayin ya matso. Dedilayin shi ne ranar da in ba ka miƙa aiki ba, gara ka yi ciwon da za a kwantar da kai asibiti. Na ji haushinta ranar, amma a hannunta na iya aiki. Cikin shekara huɗu duk wata mahaɗa mai wuya teburina ake kawowa. Na yi aure, na bar iyalin nan gida wurin Inna, ina zuwa da salla da shaddata mai sheƙi, ana cewa injiniya ya zo. Ni ba injiniya ba ne, mai zane ne, amma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Sannan kamfaninmu ya samu aikin zana wasu hanyoyin karkara a jihohin arewa. Madam ta ajiye mani fayil ɗaya ta ce wanga naku ne, harshenta ba ya iya sunayen garuruwan. Sabon Bini take cewa, Tozai kuwa sai ta ce Tosayi. Na buɗe a kwamfuta. Masu awo sun riga sun je sun ɗauko komi, kowace bishiya ɗigo ce, kowane shinge layi ne. Ina bin hanyar daga Isa, ina wuce ƙauyuka, sai na iso wata mahaɗa da na sani. Ga tsamiyar masallaci. Ga hanyar jakai. Ga katangar gidanmu da rumbuna biyu. A kudu kuma ga wani ɗan ƙaramin zagaye, an rubuta rijiya da Turanci a gefensa.

Babban injiniya ya riga ya ja layin farko. Babbar hanya za ta wuce yamma da gari, reshe kuma ya shigo ta hanyar jakai. Kwanar arewa ta wanga reshe ta cinye gonar bayan gidanmu, ta ɗauke rumbunan biyu, ta yanki kusurwar ɗakin Inna. Ta kudu kuwa shingen lambu kawai ta shafa.

A makon nan Baba ya kira ni. Ya ce wasu mutane sun zo da sanduna, sun kafa turaku masu jan fenti har gindin rumbu, Innarku ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki, tana cewa a ɗakin nan ta haife ku duka. Sannan ya ce, "Lawali, ashe ba irin aikinga kake yi can ba?" Na ce irinsa ne. Ya ce to Allah shi yi albarka, ya kashe waya. Bai san zanen yana kan teburina ba. Bai roƙe ni komi ba. Ku riƙe wanga, don kar wata rana wani ya ce tsoho ne ya sa ni.

Ranar Alhamis ce, da hantsi. Abokan aikina suna gardamar ƙwallo, wani yana ɓare gyaɗa a bayana. Na kama ɗigon da layin tsakiyar hanyoyin biyu sunka haɗu, na ja shi kudu mita goma sha biyu. Na rage igiyar kwanar arewa daga ashirin zuwa sha biyar, ƙa'ida ta yarda da haka. Ta kudu na bar ta yadda take. Na danna. Na'ura ta yi ɗan tunaninta ta sake zanawa. Ɗakin Inna ya fita, rumbuna sun fita, gonar ma sai ɗan gefenta. Ɗan zagayen nan kuwa ya koma tsakiyar kwalta, rabin lambu yana ƙarƙashin hanya da kwatarta.

Na tura tirelar ƙarya. Wallahi na so ta hau gefe, in samu dalilin mayar da komi yadda yake. Ta wuce sumul. Na sake turawa daga ɗaya ɓangaren, ta wuce. Na zauna ina kallon zagayen nan ina ba kaina magana. Gida gida ne, lambu lambu ne. Za a biya su diyya. Rijiya ai haƙa ta ake yi, su haƙa wata. Duk wanda yake wurina haka zai yi. Har anka kira azahar ina wanga lissafi, na je na yi salla na dawo, ban mayar ba.

Da Madam ta zo dubawa, nan take ta ga an motsa mahaɗar. Ta tambayi dalili. Na ce a haka ba za a rushe gini ko ɗaya ba, kuma gaskiya ne. Ta gyaɗa kai, ta tura tirela da kanta, ta duba gangarar ruwa. Sai ta ɗora bakin biro a kan ɗan zagayen.

"Wannan fa?"

"Tsohuwar rijiya ce, Madam. An daina amfani da ita."

"Ka tabbata?"

"Garinmu ne."

Ta sa hannu. Da na ce mata rijiyar nan gida guda take ciyarwa, na san matar nan, da ba ta sa hannu ba sai an nemo wata dabara. Kuma akwai dabarar. Daga baya, da abin ya dame ni, na buɗe tsohon zanen na gwada kai mahaɗar can arewa da gari, ta fegin da ba kowa. Yini ɗaya ya ɗauke ni. Sai dai da an ƙara tsawon hanya kaɗan, da an koma wurin babban injiniya, da an tambaye ni mi ya sa, da na ce gidanmu ne a wurin. Kunyar faɗin haka na ji. Ban so a ce Malam Rediyo yana karkatar da aiki don gidansu, shi ne na karkatar da shi a ɓoye.

Bayan wata biyu Baba ya kira da murna, wai an zo an cire turakun, an mayar da su ƙetaren hanya. Inna ta yi sadakar masa. Kowa ya ce ikon Allah. Na tambaye shi Malam Bawa fa, ya ce ai yana ta zirga-zirga wurin hakimi da sakatariya, an ce mashi daga sama zanen ya zo, ba mai iya taɓa shi. Sallar da ta biyo na ce aiki ya riƙe ni. Ta gaba ma haka. Sai dai in aika a kawo mani iyali su yi kwana biyu su koma.

Ana nan, bayan kamar shekara uku, wata Asabar da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da mutum zaune a ƙofar ɗakina da buhu a gefensa, Landilod yana tsaye a kansa yana faɗa. Haruna ne. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Nan ba tasha ba ce."

Na ce ɗan'uwana ne.

"Ku duk 'yan'uwan juna ne. Gobe in ga goma."

Na ce in ya kore shi, ni ma ya kore ni. Ban taɓa ɗaga mashi murya ba sai ranar, har maƙwabta sunka leƙo. Ya dube ni, ya ce to a riƙa alwala cikin bokiti, ya shige. Haruna ya yi ta yi mani godiya, yana cewa ya san ba za ni bari a wulaƙanta shi ba.

Na dafa mana shinkafa da wake, yana ci yana ba ni labari. Da safe ɗaya katafila ta cike rijiyar. Albasar ma ba ta ƙosa ba sunka tumɓuke ta. Diyya ta zo daga baya, sun sa ta a haƙa sabuwar rijiya a ragowar filin. Ta fari sun ci karo da dutse. Ta biyu ta ba da ruwa, amma kafin bazara ta tsaya ta ƙafe. Gonarsu ta gado tana can cikin daji, kun kuma san yadda daji ya koma, ba mai zuwa can ya yini da kwanciyar rai. Shi ne ya ɗaure buhu, yana da shekara talatin da wani abu, ya fito ci-rani karon farko. Ya ce Malam Bawa kullum da hantsi sai ya ɗauki buzunsa ya je bakin kwalta daidai inda rijiyar take ya zauna, ba ya magana da kowa. Har direbobi sun sa wa wurin Kwanar Rijiya, baƙo ya yi ta dube-dube bai ga rijiya ba.

Sai ya aje cokali ya ce, "Kai da ka san aikin, Lawali, wai su wa ke zana abubuwan nan? Ba su ganin akwai mutane a wurin?"

Na ce manya ne, can sama, irinmu ba mu isa ba. Na ƙara mashi shinkafa.

Wata bakwai munka yi ɗaki ɗaya. Na samo mashi leburanci a wani gini, yana ɗaukar kwanon kankare a ka tun safe har yamma, mutumin da ya saba da sanyin lambu. Bai taɓa ƙorafi ba. In ya dawo sai ya wanke mani takalmi ina hana shi. Ranar Juma'a yakan kira gida, in ji muryar Malam Bawa cikin waya yana cewa a gaishe da Lawali, Allah shi saka mashi. Ni kuwa sai in fita waje kamar za ni sayo wani abu.

Ranar wata Talata muna wurin aiki anka kira Haruna, Malam Bawa ya rasu. Na ɗauki izini munka kamo hanya tare. Kun san nisan, kafin mu iso Sakkwato an riga an kai shi. Bas ɗin da ta ɗauko mu daga Isa ta sabuwar hanya ta biyo, karon farko da na ga aikina da idona. Kwalta baƙa wuluk, kwana ta zauna daidai yadda na zana ta, direba ko birki bai taka sosai ba. Yaron mota ya ce akwai mai sauka Kwanar Rijiya? Haruna ya ce akwai. Munka sauka, ya tsaya yana kallon gefen hanya, ni ina kallon rumbunanmu.

Haruna bai koma Abuja ba, don ba mai riƙe gida. Ni na koma, amma aikin ya ƙi mani. Duk ɗan zagayen da na gani a kwamfuta sai hannuna ya tsaya. In nemi lambar masu awo in yi ta tambaya, rijiyar nan ta wa ce, ana sha, bishiyar nan fa. Aikin yini biyu ya koma na mako. Madam ta yi faɗa, ta sake yi, ran nan ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa ta ce in gaya mata mi ke damuna. Na gaya mata duka. Ta cire tabarau.

"Ni ka sa na sa hannu."

Na ce haka ne.

"Na tambaye ka, Lawal. Sau biyu na tambaye ka."

Ba ta kore ni ba. Ta dai ɗauke mahaɗu daga teburina ta ba wani, ni ta mayar da ni zanen kwalbatoci, kuma duk abin da na miƙa sai ta sa wani ya bi bayansa. Ba ta ƙara kirana Malam Rediyo ba. Na jure wata shida. Da Baba ya kwanta ciwo sai na samu abin faɗi, na rubuta takardar barin aiki. Landilod da kansa ya ɗaukar mani jaka zuwa bakin titi, yana cewa yanzu wa zai riƙa yi wa faɗa. Na dawo da katifa da fanka da tsohuwar kwamfuta, na samu koyarwar da kunka san ni da ita. Baba ya rasu bai sani ba. Inna har yau tana ɗakinta, ita ma ban gaya mata ba, kuma ban ce ku kai mata ba.

Haruna kuwa na yi shekara ina kewaye shi. Ya koyi faci, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Kullum in wuce mu gaisa, ya jawo mani benci, in ce ina sauri. Ran nan dai bayan la'asar, ba kowa a rumfar, na zauna. Yana riƙe da bututun babur cikin bahon ruwa yana neman inda ke yoyo. Na ce Haruna, akwai maganar da za ni gaya maka, ka bari in kai ƙarshe. Na faɗa mashi tun daga fayil ɗin, da mita goma sha biyu, da abin da na ce wa Madam. Ban rage komi ba. Na ce gonar bayan gidanmu, rabona a ciki, na ba shi.

Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da juya bututun har kumfa ta fito, ya sa tsinke a wurin, ya goge hannu a riga. Ya ce gonarku tudu ce, ba ruwa a ƙarƙashinta, ka sani na sani.

"Shekara shida, Lawali, bayan kowace salla sai na kai ƙarar mutumin da ya zana hanyar nan wurin Allah. Ban san shi ba, sai na yi mashi fuska, na yi mashi tumbi, na sa mashi kwat. Baba kuma ya mutu yana sa maka albarka don ka sauke ni a ɗakinka. Yanzu ya kake so in yi da addu'ata?"

Na ce ya yafe mani don Allah.

"Tashi ka tafi. In na iya, za ni aiko."

Shekara uku ke nan. Bai gaya wa kowa ba, da ya faɗa da kun ji a gari kafin ku ji daga bakina. Muna gaisawa a masallaci, ya zo sunan ɗiyata ya yi addu'a ya tafi bai ci abinci ba. In tayar babur ɗina ta yi faci, tura shi nake har wurin wancan yaron na bakin tasha, don na san in na kai wa Haruna zai yi mani, kuma ba zai karɓi komi ba. Bai aiko ba tukuna. Amma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, ko ina cin abinci, ni nake fara fita.